Wankin Gyambo Ba Lada

A shekarun da kowane ma'aikacin gwamnati a Lome yake ajiye aikinsa da la'asar ya ɗaura atamfar jam'iyya ya tafi koyon rawa, akwai wani ƙaramin ofishin taimakon jama'a a bakin Zongo wanda mutane ke kira Santir. Ɗaki biyu ne da baranda. Duk abin da ya fi ƙarfin dangi nan ake kawo shi: jaririn da aka tsinta a bayan tasha, tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi Abijan suka manta hanyar gida, mahaukacin da ya tare a bakin famfo ya hana mata ɗiban ruwa. Masu shiga lungu su ga waɗannan abubuwa da idonsu mutum biyu ne, Zaituna da Tchakoura.

Ba a daɗewa a irin wannan aiki sai mutum yana da abin da yake riƙe da shi a zuci. Na Zaituna kowa ya san shi. Haifaffiyar Zongo ce, jikar wani falken goro. Ta yi makarantar Faransanci, amma ba ta yar da abin da aka koya mata a allo ba. Duk sanda ta sa hannu a ƙazantar da kowa ya guje wa, sai ta ce a ranta, "Allah ka sa a mizani." Da wannan kalma take iya cin abinci bayan ta dawo, da ita take iya tashi gobe. Tchakoura kuwa mutumin Sokode ne. Ya karanta wasu littattafan Faransanci marasa bango da ya saya a bakin Babbar Kasuwa, ya fito daga cikinsu da imanin cewa duniya ba ta da ma'ana, kuma a cewarsa wannan babban hutu ne. Yana zuwa sallar Juma'a don kada labari ya kai wa uwarsa.

"Kamarad, ke fa 'yar kasuwa ce," yakan ce mata, yana kiranta abokiyar aiki da Faransanci. "Kina kai wa Allah kaya, kina jiran ciniki a lahira."

"Kai kuma me ke fito da kai?"

"Babu dalilin yi, babu dalilin bari. Ga shi kuma mobilet, ɗan babur ɗin gwamnati, da mai a ciki."

Da farkon damina aka aiko musu daga asibiti a kan wani tsoho, Baba Mato. A da shi ne babban mai masaukin fataken shanu a Zongo. Duk wanda ya koro garke daga arewa gidansa yake sauka, tukunya ba ta barin murhu. Daga baya ciniki ya koma hannun masu manyan motoci, matarsa ta rasu, Allah bai ba shi haihuwa ba, gidan ma ya fita daga hannunsa. Yanzu yana ɗaki ɗaya a gidan hayar Ajaratu mai koko, yana tufka igiyar shanu mahauta na saye. Akwai gyambo a ƙwaurinsa na hagu, bayansa kuma ya ƙage, ba ya iya sunkuyawa ya kai hannu wurin. Dokita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ana wankewa kullum ana ɗaurewa, gyambon zai iya rufewa. In ba haka ba, kafin damina ta fita za a yanke ƙafar daga gwiwa.

Zaituna ta ɗauki jakarta ta auduga da bandeji ta tafi. Ta same shi zaune a kan tabarma, ƙafar a miƙe, an rufe ta da tsumma. Warin ya tare ta tun daga ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar wace ce ke?"

"'Yar Amidu tela ce, Baba. Daga Santir aka turo ni, zan riƙa wanke maka ƙafa."

Ya dube ta daga sama har ƙasa. "To, 'yar Amidu. Don me za ki wanke?"

"Don Allah, Baba."

"Tashi ki fita."

Ta zaci bai ji da kyau ba, ta ƙara ɗaga murya. "Na ce don Allah zan yi, Baba. Ba a biyan komai."

"Na ji ki sarai. Kunnena lafiya lau, ƙafa ce ta lalace. Lada kika zo nema. To ba a nan ba." Ya ajiye igiyar da yake tufka. "Ran Juma'a sai ki ga wani alhaji, wanda ya ci tuwona har ya ajiye tumbi, ya shigo da ƙullin shinkafa. Ba ya duba na. Sama yake duba. Yana ajiyewa yana motsa baki. Wani ma malaminsa ne ya ce ya nemi tsoho mai ciwo ya ba shi farar kaza don kayansa su fito daga hannun kwastan. Ni ne tsoho mai ciwon. Na zama rumfar da ake sayen Aljanna da araha. To na rufe rumfa. Ba wanda zai ƙara samun ko ƙwayar lada a kaina."

"Baba, za a yanke ƙafar fa."

"Su yanke. Dokita Bature ne, aikinsa yake yi."

Ta koma Santir ranta a jagule. Tchakoura ya saurari labarin har ya tafa hannu don murna. Ya ce ai wannan aikin tamkar don shi aka yi shi. Washegari ya karɓi jakar, suka tafi tare.

"Baba, ni ne mutumin da kake nema," in ji Tchakoura daga bakin ƙofa. "Ni ban yarda ana rubuta komai ba. Ba na neman lada, ba na sa ran komai. In na wanke ƙafarka, kamar na wanke mobilet ne."

Baba Mato ya ɗaga igiya kamar zai tsula masa. "Kai ne mafi haɗari a cikinsu! Wanda ya yi bai nema ba ai shi ake ninka wa. Ka zaci ban zauna gaban malamai ba?"

"Amma ni ban ma yarda ba."

"An tambaye ka? Masu rubutu sai sun nemi yardarka?"

Tchakoura ya buɗe baki zai kawo hujja daga littattafansa, daidai lokacin tsohon ya yaye tsumman don ya kori ƙuda. Tchakoura ya dubi abin da ke ƙarƙashi. Ya fita da baya-baya, ya amayar da karin kumallonsa a gindin mangwaron Ajaratu. Daga ranar bai sake wuce bakin ƙofar ba.

Zaituna ta kasa ajiye maganar. Tambaya ce da ba ta taɓa zuwa mata ba: ta yaya mutum zai yi alheri ya tabbata bai sami komai ba? Ta ɗauke ta ta kai wa Malam Sabitu, wanda ke karantar da manya a zaurensa kusa da masallaci. An san shi da abu ɗaya: in tambaya ta shiga kansa ba ta fita sai ya juya ta ta kowane gefe, ko da mai tambayar ya daɗe da mantawa.

"Allah gafarta Malam, ina son in yi aikin alheri, amma kada in sami lada."

Malam ya cire tabarau. "Sake faɗa, 'yata."

Ta sake, ta kuma ba shi labarin Baba Mato.

"Tun ina saurayi nake zaune a zauren nan," in ji Malam. "Kowa ya zo, yadda zai ƙara yake tambaya. Wani ma so yake ya ba da tsohuwar riga a rubuta masa sabuwa. Ke ce ta farko da ta zo neman ragi." Ya shafa gemu. "Akwai abu biyu da malamai suka haɗu a kan suna cinye ladan sadaka. Riya, wato a yi don mutane su gani. Da gori, wato a yi sannan a riƙa tuna wa mutum ana ƙona masa rai. Wanda ya haɗa biyun, to ya wanke hannunsa, ba abin da zai tarar."

"Ko kaɗan?"

"Ko ƙanzo. Amma ni ban ce ki yi ba. Tambaya kika yi na amsa."

Da Zaituna ta kai wa Baba Mato wannan bayani, fuskarsa ta washe kamar an ce masa fatake sun dawo. Ya sa ta maimaita. Sannan ya kafa sharaɗi: za ta wanke, za ta ɗaure, amma tana gamawa za ta fita tsakar gida, a gaban duk wanda ke nan, ta yi masa gori da ƙarfi. Ran da gorin bai gamsar da shi ba, zai kwance bandejin da sandarsa.

Ta dafa ruwa a murhun Ajaratu, ta zuba garin maganin nan da ke mai da ruwa shunayya, ta durƙusa. Ta daɗe a kai. Gumi yana ta zuba daga goshin tsohon. Da ta ɗaure ta fita tsakar gida, inda mata ke tankaɗen gari, ta tsaya ta haɗa hannuwa kamar mai gaisuwar ta'aziyya.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Na ɗan wanke wa Baba ƙafa. Na ɗan yi ƙoƙari."

"Wannan ne gorin?" Muryar Baba Mato ta fito daga ɗaki. "Wannan ai ƙarin lada ne! Ina sandata?"

Ajaratu ta ajiye rariya ta miƙe. Mace ce mai jiki, muryarta tana kaiwa har titi in tana tallan koko. "Haba ƙanwata, ba a koya miki komai ba a lakwal, makarantar bokon nan taku? Matso nan. Ni maza uku na yi wa gori, biyu sun bar garin. Ba a haɗa hannu. Ɗaya a ƙugu, ɗaya kina nuna ɗakin. Ki fara da sunanki da na ubanki. Kuma kada ki ce 'ɗan'. Mai gori ba ta ɗan yin komai."

Zaituna ta sa hannu a ƙugu. Ta rufe ido. "Ni Zaituna 'yar Amidu, ni na wanke ƙafar tsohon nan!"

"Ƙara!"

"In ba ni ba, wa zai taɓa ta?"

"Yawwa. Yanzu ki kawo warin."

"Ƙafar da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka!"

Matan suka fashe da dariya. Daga cikin ɗaki aka ji tsohon yana cewa, "To. Yau dai kin tashi a tutar babu. Sai gobe."

Haka aka shiga yi kowace safiya. Zaituna ta gano tana da baiwar da ba ta san da ita ba. Ta ce da mahauta sun ga ƙafar da sun rufe kasuwa don kunya. Ta ce ita da ta ci jarrabawar Faransa, ga ta durƙushe gaban mutumin da bai san harafi ɗaya na boko ba. Ta ce ko lagun, tafkin nan na unguwar Amutive, a tsakiyar damina ya fi ƙafar nan ƙamshi. Labari ya bazu. Masu sayen koko suka daina tafiya da shi gida, suna sha a tsaye don kada a yi ba su. Ajaratu ta ƙara girman tukunya. Tchakoura yana tsayawa can nesa a gindin mangwaro yana ba da tafi irin wanda ake koya musu a wurin rawar jam'iyya, uku-uku, da juyi.

Har shugaban jam'iyya na unguwa ya zo ya ji da kunnensa. Ya ja Tchakoura gefe ya ce abin ya yi kyau, sai dai akwai gyara: a ƙasar nan ba a cewa "ni na yi". Duk alherin da aka yi jam'iyya ce ta yi, a sa sunanta a ciki. Baba Mato ya ji, ya ce shi bai yarda ba, ba zai hana alhazai lada ya buɗe wa jam'iyya ƙofa ba. Tchakoura ya matso daidai inda hancinsa zai iya jurewa ya yi ƙasa da murya.

"Baba, kwantar da hankalinka. Waɗannan ko rijiya suka haƙa sai an yi wata guda ana rawa a bakinta. Malam ya ce riya na cinye lada. Ai su ba su taɓa ajiye ko na cefane ba."

Tsohon ya yi tunani, ya ce a sa.

Gyambon ya fara ja da baya. Warin ya ragu, bakin ciwon ya yi ja mai kyau, sabuwar fata ta fara tahowa daga gefe kamar farar miya a bakin tukunya. Amma a wajen Zaituna abin ba dariya ba ne duka. A taron suna, mata suka fara matsawa in ta zauna. Uwarta ta ce ta zama abin kwatance a Zongo, ana cewa yarinya ta rage baki kada ta zama 'yar Amidu. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi damunta shi ne wata rana da aka kira ta ta gyara wata tsohuwa da ta kwana uku cikin fitsarinta a unguwar Be-Kpota. Ta naɗe hannun riga, ta nemi kalmar nan tata, "Allah ka sa a mizani", sai ta ji ta maƙale. Bakin da ya saba ƙona lada da safe ya ji kunyar roƙonsa da rana. Ta gama aikin haka nan, ba kalma, ta dawo ta kasa cin abinci.

"Barka da zuwa ƙasarmu, Kamarad," in ji Tchakoura. "Ba ma'ana, ba nauyi."

"Ƙasarku ba daɗi."

"Ana sabawa."

"Kai da ba ka iya wuce gindin mangwaro ba?"

Ta yanke shawara wata safiya cewa ba za ta je ba. Ta ce wa kanta ta gaji, ba lada, ba mutunci, ba godiya. Ta fita da niyyar wucewa Santir kai tsaye. Ba ta san yadda aka yi ba, sai ta ga kanta tsugune gaban murhun Ajaratu tana fifita wuta a ƙarƙashin ruwa.

A wannan safiyar ne Malam Sabitu ya yi sallama a ƙofar gidan. An yi ruwa da asuba, ya tattare riga yana tsallake kwatami. Idanunsa sun faɗa, da gani ya daɗe bai huta ba. Ya yafito Zaituna.

"'Yata, fatawar da na ba ki rabi ce. Tun ranar take cina."

"Allah gafarta Malam, ai tana aiki. Ƙafar ta kusa rufewa."

"Ba a nan matsalar take ba. Gori yana cinye lada ne in an yi shi don a ƙona ran mutum. Ke kuwa kina yi ne don ya yarda a yi masa magani. Shi ya nema, daɗi ma yake ji. Kin ba da mutuncinki, kin ba da ladan da kike so, duk don ƙafar wani. Na juya abin ta ko'ina. Ina tsoron ba a taɓa tara lada a Zongo kamar yadda kike tarawa a tsakar gidan nan ba."

A wata rana daban da wannan albishir ne ga Zaituna. Ta dubi ƙofar ɗakin tsohon.

"Malam, don girman Allah ka bar maganar nan tsakaninmu. Saura kaɗan."

"Da sunana aka ƙulla abin. Mutumin nan yana zaune a kan maganata, maganar kuwa ba daidai ba ce. In na yi shiru na yaudare shi."

"In ka faɗa za a yanke masa ƙafa."

Malam ya tsaya, ƙafa ɗaya a kan dutse, ɗaya cikin taɓo. Ga gaskiya, ga ƙafa, an ce ya ɗauki ɗaya. Wataƙila da an ba shi mako guda da ya samo hanya ta uku. Amma bangon ɗakunan haya na Zongo ba ya riƙe magana.

"Sabitu!" Baba Mato ya ƙwala kira. "Shigo ka faɗa mini a gabana. Na ji rabi."

Malam ya shiga, Zaituna na biye da shi riƙe da kwanon ruwan zafi. Masu shan koko suka matso bakin ƙofa. Malam ya zauna ya maimaita bayaninsa tiryan-tiryan, har da ƙarin hujjojin da ba wanda ya tambaye shi. Tsohon yana ji, fuskarsa tana ɗaurewa.

"Wato duk safiyar nan da ake zagina a gaban mata, gini nake yi mata a Aljanna."

"Allah ne masani, amma alamu sun nuna haka."

"Da bene?"

"Ba mamaki."

Baba Mato ya jawo sandarsa. Ya sa bakinta a ƙarƙashin bandejin jiya ya fara turawa. "Kwashe kayanki, 'yar Amidu. Kin fi alhazan wayo. Su shinkafa suka kawo suka sami ɗan abin da suka samu. Ke da baki kawai kin kwashe gari guda."

Zaituna ta dire kwanon da ƙarfi har ruwan shunayya ya fallatsa a rigar Malam. Ba ta sa hannu a ƙugu ba, ba ta fara da sunan ubanta ba.

"Baba, cire sandar nan."

Ya dube ta.

"Na ce cire! Ka san yadda na sami wurin nan? Rami ne, ana hango fari a ciki. Kullum ina auna shi da idona. Ga gefen nan na sama, shi ya fi taurin kai, sai da na yi ta fama kafin ya fara tahowa. Shekaranjiya ya taho. Yanzu ka sa mini sanda mai datti a kai? Wane lada? Ni rabona da in tuna da lada har na manta. Yau ma cewa na yi ba zan zo ba. Ba don kai na zo ba, kai ba ka da daɗin zama, kowa ya sani. Ba don Aljanna na zo ba, in an ba ni ina so, amma ba ita ta tashe ni ba. Ni da gyambon nan ne. Ya ce ba zai rufe ba, ni na ce sai ya rufe. Ƙafar taka ce, amma ciwon nawa ne, kuma ba wani dokita da zai zo da zarto ya raba mu ban gama da shi ba!"

Tchakoura ya ɗaga hannu zai yi tafi, Ajaratu ta buge hannun.

Baba Mato bai cire sandar ba, bai kuma ƙara turawa ba. Ya daɗe yana kallon Zaituna, irin kallon da yake yi wa saniya a da kafin ya faɗi kuɗinta. Sannan ya juya wajen Malam.

"Sabitu, ka ji abin da ta ce. Wannan ba tausayi ba ne."

"Bai yi kama da shi ba."

"Ba sadaka ba ce."

"A'a."

"Taurin kai ne tsagwaronsa. Na san shi, da shi na rasa gidana. To ina tambayarka, ka faɗa mini tsakaninka da Allah: taurin kai yana da lada?"

Malam Sabitu ya cire tabarau ya goge su da gefen rigar da ya jiƙe, suka ƙara dusashewa. Ya dubi rufin ɗaki. Ya motsa baki kamar mai bin babi-babi a kansa. Masu koko suka daina haɗiya.

"Haƙuri yana da shi," in ji shi a hankali. "Juriya tana da shi. Amma taurin kai, shi kansa, da sunansa... ban taɓa cin karo da shi ba."

"Madalla."

Tsohon ya zare sandar ya jingine ta da bango. Ya kama cinyarsa da hannu biyu ya turo ƙafar gaban Zaituna. "Ruwan ya huce. Ajaratu, a ƙaro mai zafi. Ku kuma na bakin ƙofa ku watse, an daina wasan. Mai son jin zagi ya je gidansu."

"Haba Baba," in ji Ajaratu, "na riga na dama babbar tukunya."

Zaituna ta durƙusa ta fara warware bandejin a hankali. Sandar ba ta kai ga sabuwar fatar ba. Ta saki numfashi. Sannan ta ɗauki auduga.

Malam ya miƙe yana gyara riga. Har ya kai ƙofa ya tsaya, ya juyo, goshinsa a tattare.

"Sai dai fa akwai wani littafi da na gada wurin malamina, ban gama bin sa ba. Akwai wani babi a kan wanda ya dage a kan alheri ba tare da ya san dalili ba. Bari in je in duba."

"Sabitu."

"Na'am, Baba Mato."

"Kada ka duba." Tsohon ya runtse ido, don ruwan zafi ya taɓa wurin. "In ma dole sai ka duba, ka bari sai ƙafar ta warke."

Kafin damina ta fita dokita ya duba ƙwaurin, ya danna nan ya danna can, ya ce a ci gaba da shafa mai kawai. Baba Mato ya dawo Zongo daga asibiti a bayan mobilet ɗin Tchakoura, ƙafafu biyu suna reto, yana yi masa faɗa tun daga Amutive a kan ya rage gudu.